Takun Farko: Tsakanin Hadda da Fahimta

Gabatarwa

A garin Gure, gabas da Damagaram a kan hanyar Diffa, idan la'asar ta yi sanyi ba a rasa dattawa a inuwa sun tona ramukan dara cikin rairayi, wannan da karare, wancan da tsakuwa ko ƙwallon dabino. Mai wucewa zai ga kamar ba a yin komai sai zuba ƴaƴa a rami, amma masu kallo da suka san wasan sukan girgiza kai tun kafin a fara turi, su ce wane ya riga ya faɗi. Sun gane cewa yadda aka zuba ƴaƴan da farko shi ne ke yanke rabin hukunci.

A ɗauka kuma, ba nisa da wannan inuwa, ga wani ɗalibin lise riƙe da wayar hannu yana koyon shaɗaranji, wasan da Faransawa ke kira échecs. An gaya masa cewa mai riƙe da fararen ƴaƴa shi ke fara taku, kuma duk mai son ya yi nisa dole ya tanadi kundin buɗi, wato jerin takun da zai riƙa buɗe wasa da su, tare da amsar duk abin da abokin karawa zai iya mayarwa. Sai ya duƙufa yana hadda: idan an yi kaza, a yi kaza, har taku 10 ko 15. Ranar da ya ci wasa da wannan hadda, wa ya ci? Shi, ko kuwa matattun gwanayen da suka share masa hanya? Ranar da haddar ta jefa shi rami, wa za a tuhuma? Tambayar ta wasa ce a zahiri, amma duk malamin da ya taɓa gyara takardun jarrabawa ya san ba a kan allon wasa kaɗai take tsayawa ba.

Daga ramin dara zuwa allon shaɗaranji

Dara, kamar yadda aka fi yin ta, ramuka 30 ne, layi 5 mai ramuka shida-shida, kowane ɗan wasa da ƴaƴa 12. Ana fara zuba su ɗaya bayan ɗaya, bi da bi, ba tare da an yarda mutum ya jera uku a wannan mataki ba. Idan an gama zubi ramuka 6 ne ke saura, sai a shiga turi, duk wanda ya jera uku a layi ya cire ɗa ɗaya na abokin wasansa. Dokokin kan ɗan bambanta daga gari zuwa gari, amma ko'ina gwanin dara yana da salon zubin da ya saba da shi, wanda ya gani a hannun wani tun yana yaro mai kallo. Wannan ma kundin buɗi ne, sai dai ba a rubuce yake ba, kuma ba a raba shi da dalilinsa, domin wanda ya koya maka shi yana zaune kusa da kai, yana yi maka dariya idan ka zuba ba bisa hankali ba.

Shi ma shaɗaranji ba baƙo ba ne ƙwarai a wannan yanki. Gure ita ce hedikwatar ƙasar Muniyo a ƙarni na 19, lokacin da take bin Shehun Borno, kuma a can matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar da Muniyoma Koso a ƙarshen shekarar 1852. A Bornon kuwa an san wani nau'in wasan da ake kira tsatsarandi, sunan da ya samo asali daga kalmar Larabci shaɗaranj. A 1934 wani jami'in mulkin mallaka na Ingila, C. K. Meek, ya rubuta bayaninsa, ya nuna cewa ƴaƴan wasan suna ɗauke da sunayen sarautun ƙasar, irin su Mai da Ciroma da Kaigama. Tun a wancan lokaci masu iya shi sun yi ƙaranci.

Haddar buɗi ma tsohuwar al'ada ce. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, gwanaye irin su al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli, wanda ya rasu wajen 946, sun rubuta tsare-tsaren jera ƴaƴa da ake kira ta'abiya, kowanne da sunansa. Malaman fiƙihu kuwa sun saɓa a kan wasan kansa: Imamu Malik ya ƙi shi, Imamu Shafi'i ya sassauta muddin babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Wannan hukunci na ma'abotansa ne. Abin da ake nema a nan shi ne darasin da wasan ke bayarwa game da ilimi.

Mene ne kundin buɗi?

Allon shaɗaranji gidaje 64 ne, kowane ɓangare da ƴaƴa 16. Mai farare yana da zaɓi 20 a takunsa na farko, mai baƙaƙe ma 20, saboda haka bayan kowa ya yi taku ɗaya tak akwai yanayi 400 da allon zai iya kasancewa. Daga nan rassa ke ta tsiro har lissafi ya gagara. Kundin da aka fara bugawa a Belgrad a 1974 ya kasa buɗe-buɗen duniya zuwa lambobi 500 cikin juzu'i 5, kuma kowace lamba kurmi ce mai zaman kanta. Babu mahaluƙin da zai haddace wannan duka, don haka kowane ɗan wasa kan zaɓi gonarsa. Wani zai ce shi kullum da sojan gaban sarki zai buɗe, wani da na gaban sarauniya, sannan ya zauna ya tanadi abin da zai yi idan an amsa masa da salon Sisiliya, ko na Faransa, ko na Karo-Kan.

Akwai abu ɗaya a nan da ɗalibi ba ya lura da shi sai ya yi nisa. Ƙididdigar wasannin gwanaye ta nuna mai farare kan samu wajen kashi 54 zuwa 55 cikin 100 na maki, wato fara taku riba ce, ko da yake ƴar kaɗan. Amma mafi yawan shafukan littafin buɗin farare ba a kan abin da mai farare ke so suke magana ba. Suna magana ne a kan abin da mai baƙaƙe zai iya yi. Mai farare ya zaɓi takun farko, amma sau da yawa abokin karawarsa ne ke zaɓar hanyar da za a bi. Ashe wanda aka ba damar fara magana, yawancin karatunsa koyon sauraro ne.

Buɗi ɗaya, wasanni biyu

Akwai wani sanannen buɗi da ake kira da sunan Ruy López, limamin kirista ɗan Sifaniya da ya yi bayaninsa a littafinsa na 1561. A birnin New York a 1918, José Raúl Capablanca ɗan Kuba ya buɗe da shi yana riƙe da farare. Abokin karawarsa, Frank Marshall ɗan Amurka, ya zo da shirinsa daga gida: ya sadaukar da soja ɗaya domin ya samu damar kai wa sarkin Capablanca farmaki. Capablanca ya gane cewa an tono masa rami ne, amma ya karɓi sojan, ya yi ta lissafi a kan allo taku bayan taku, sarkinsa na gudu ana bin sa, har farmakin ya huce, ya juya ya ci wasan. Salon nan har yau sunan Marshall yake ɗauke da shi, ko da yake a ranar da ya shahara mai shi ne ya sha kaye.

Shekaru 86 bayan haka, a 2004, a garin Brissago na ƙasar Suwis, Vladimir Kramnik ɗan Rasha yana kare kambunsa na duniya a gaban Péter Lékó ɗan Hangari. A wasa na 8 Kramnik ne da farare, aka kuma shiga wannan salo na Marshall. A wannan karo mai farare ne ya zo da shiri, wanda shi da mataimakansa suka tanada da taimakon kwamfuta. Kramnik ya riƙa taku da sauri kamar mai karanta allonsa, har ya ba da sarauniyarsa bisa abin da shirin ya tsara, shi kuwa Lékó yana ta tunani, agogonsa na cinyewa. Can sai Lékó ya hango wani taku da shirin bai auna da kyau ba, domin na'urar ta nuna farare ne da nasara a farkon dubawa, ba a kuma bar ta ta zurfafa ba. Nan take gini ya rushe, Kramnik ya faɗi. Sai da ya ci wasan ƙarshe, na 14, aka tashi 7 da 7, sannan ya tsira da kambunsa.

Ba za a ce Kramnik bai fahimci shaɗaranji ba. Shi ne fa ya karɓe kambu daga hannun Garry Kasparov a Landan a 2000, kuma da ƙarfin shirin buɗi ya yi hakan, har aka gama karawar Kasparov bai ci ko wasa ɗaya ba. Abin da ya faru a Brissago shi ne, na ɗan lokaci, ya ajiye idonsa ya ari na wani. Da a ce wani ne ya kawo masa wannan yanayi ba zato, da ya zauna ya auna shi kamar yadda Lékó ya yi. Yardar da ya yi cewa an riga an yi masa tunani ita ta hana shi tunani. Dara ta ci gida.

Hujjar masu suka da ta masu karewa

Masu sukar hadda suna da babban jagora. Bobby Fischer, wanda ya zama zakaran duniya a 1972 kuma ya fi kowa a zamaninsa nazarin buɗi, daga baya ya juya wa abin baya, yana ganin hadda ta shaƙe wasan. A 1996, a birnin Buenos Aires, ya gabatar da wani salo da ake jera manyan ƴaƴa ta hanyar ƙuri'a, cikin tsari 960, domin kada kowa ya zo da karatu daga gida. A ganin masu wannan ra'ayi, nasarar da aka samu da takun aro ba ta mai ita ba ce. Kayan aro, in ji Bahaushe, ba ya rufe katara.

Maganar tana da ƙarfi, amma idan aka bi ta har ƙarshe za ta rusa kowane irin ilimi. Manomin da ya san cewa ba a shuka gero da yayyafin farko ba shi ya gano hakan ba, gada ya yi. Maƙeri bai ƙirƙiro zuga-zugi ba, mai haƙar kanwa a kwarin Manga bai ƙirƙiro sana'arsa ba. Harshen da mutum ke tunani da shi ma aro ne daga iyaye. Wanda ya ce ba zai yi taku ba sai wanda ya haifa da kansa, zai ƙare rayuwarsa yana faɗawa ramukan da aka riga aka sa wa alama shekaru 400 da suka wuce, kuma wannan girman kai ne da ya yi shigar gaskiya. Ƙasashen Borno da Hausa sun daɗe da sanin darajar hadda. Tsangaya ta fitar da alarammomi da gwanaye waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta zama abin mamaki, kuma a tsarin karatun na gargajiya, bayan allo akwai zaure, inda ake zama gaban malami a karanta littattafai ana fassara ana tambaya. Magabata ba su ɗauki hadda ƙarshen tafiya ba, guzuri suka ɗauke ta.

Wani zai ce, to, sharaɗin shi ne kada mutum ya haddace abin da bai tabbatar da kansa ba. Wannan ma ya yi tsauri. Babu ɗan wasan da zai iya bin diddigin kowane reshe na kundinsa, kamar yadda babu malamin kimiyya da ya sake gwada duk abin da ke cikin littafin da yake koyarwa. Dogaro da na gaba dole ne. Abin da ake iya nema ga mutum shi ne ya san iyakar gonarsa: ya rarrabe abin da ya gane dalilinsa da abin da ya karɓa bisa amana, kuma idan ya iso wurin da kuskure ɗaya zai kashe wasa, ya rage sauri ya duba da idonsa, ko da littafi ya ce hanya lafiya. Takun aro yana zama na mutum ne ranar da zai iya faɗin abin da takun ke nema, da abin da yake tsoro, da abin da zai yi idan aka amsa masa da wanda ba ya cikin littafi. Kafin wannan rana, riƙo kawai yake yi wa masu shi.

A 2017 wani kamfani a Landan ya fitar da manhajar AlphaZero, wadda ba a ba ta komai ba sai dokokin wasa. Ta yi ta karawa da kanta, kuma cikin ƴan sa'o'i ta sake gano da yawa daga cikin buɗe-buɗen da mutane suka yi ƙarnoni suna tacewa. Wannan shaida ce cewa gadon magabata ba camfi ba ne, akwai dalili a ƙarƙashinsa, kuma duk inda dalili yake ana iya tono shi a nuna wa ɗalibi.

Tarko da shiri

Akwai kuma wata fuskar ta ɗabi'a. Kusan duk yaron da ya fara shaɗaranji akan nuna masa wani tarko na taku 4, wanda Faransawa ke kira bugun makiyayi: a fito da sarauniya da wuri, a haɗa ta da wani ɗa, a kashe sarkin abokin wasa kafin ya farga. Yaro kan yi ta cin tsararrakinsa da shi har ya ɗauka ya iya. Ranar da ya haɗu da wanda ya san maganin, sai a yi ta korar sarauniyarsa daga gida zuwa gida, abokin karawa yana fito da rundunarsa a kyauta.

Bambancin tarko da shiri na ƙwarai shi ne irin zaton da kowanne ke yi wa mutumin da ke zaune a ɗaya gefen. Mai tarko ya gina nasararsa a kan fatar cewa abokin wasansa wawa ne. Mai shiri na ƙwarai yana ɗauka cewa za a ba shi amsa mafi kyau, ya kuma nemi takun da zai tsaya ko da an ba shi ita. Na farko raini ne, na biyu girmamawa. Ana ganin irin wannan a kasuwa, tsakanin mai sayar da kayan da ke buƙatar jahilcin mai saye da wanda kayansa ke jure dubawa, ana kuma ganin sa a muhawara, tsakanin mai neman ya rufe bakin abokin magana da mai neman hujjar da za ta rayu bayan an soke ta. Ramin mugunta, an ce, a gina shi gajere. Wanda ya saba cin wasa da tarko yana cutar kansa fiye da waɗanda ya ci, domin su sun koyi wani abu daga faɗuwarsu, shi kuwa nasara ta hana shi koyo.

Abin da ya shafi aji

A cikin aji malami ne mai farare. Shi ke fara magana, shi ke zuwa da takardar shirin darasi, kuma babu mai hankalin da zai ce ya shigo aji hannu rabbana da sunan gudun hadda. Sai dai shirin darasi iri biyu ne. Akwai wanda ya tanadi abin da malami zai faɗa kawai, akwai kuma wanda ya tanadi inda ɗalibai za su yi tuntuɓe, da tambayar da mai kaifin basira zai jefo, da wadda mai jin kunya zai haɗiye. Na biyun shi ne ya yi kama da kundin buɗi na gaskiya, wanda yawancinsa nazarin amsar wani ne. Malamin da ke fusata idan ɗalibi ya fitar da shi daga takardarsa ya yi kama da ɗan wasan da ke zargin abokin karawa da rashin bin littafi.

Ana yawan jingina wa Montaigne, marubucin Faransa na ƙarni na 16, fifita kai mai kyakkyawan tsari a kan kai mai cike da kaya, kuma akan karanta wa ɗalibai wannan a matsayin gargaɗi. An manta cewa a babin nasa na tarbiyyar yara, siffar malamin da ya kamata a zaɓa wa yaro yake bayyanawa. Nauyin a kan mai koyarwa ya fara sauka. Ɗalibin da ke shirin BEPC ko bakaloriya, wanda ya haddace gabatarwa guda yana liƙa ta a kan kowace tambayar insha'i, ba shi ya ƙirƙiro wannan dabara ba. Ya lura ne cewa ana ba ta maki. Idan ana so ya daina, sai a riƙa yi masa abin da abokin karawa na ƙwarai ke yi: a sauya tambayar kaɗan, a fitar da shi daga littafi tun a aji, inda faɗuwa ba ta da tsada, kafin zauren jarrabawa ko rayuwa su yi masa hakan. Wannan matsala ta fi tsanani inda yaro ke karatu da harshen da bai ƙware a kai ba, domin wanda bai gane jimla ba ba shi da mafaka sai ya haɗiye ta ɗungurungum. Tun a 1964 Abdu Mumuni ya yi dogon bayani a littafinsa kan ilimi a Afirka game da muhimmancin koyarwa da harsunan gida, kuma duk malamin da ya taɓa maimaita bayani da Hausa ko Barbarci ya ga fuskoki sun washe ya san inda maganar ta dosa.

Ƙungiyoyin al'adu ma suna da rabonsu. Tsatsarandi ya dushe ne domin masu iya shi sun tafi ba su bar magada ba. Dara tana nan da ranta, amma hikimar zubinta a kawunan dattawa take. Ƙungiyar da ta haɗa ɗaliban kwaleji da waɗannan dattawa, ta sa yaran su tambayi dalilin kowane zubi su rubuta, ta ceci gado, ta kuma koya wa yaran tambayar da ta fi kowace amfani a makaranta, wato: don me?

Kammalawa

Kowane kundin buɗi, komai kaurinsa, yana da shafin ƙarshe. A taku na 12 ko na 25 littafi kan yi shiru, ya bar mutum shi da allo da agogo da wanda ke fuskantarsa. Duk wahalar hadda an yi ta ne domin a iso wannan wuri da ƙarfi, a tsaye a kan yanayin da aka san kansa. Saboda haka ɗalibin nan na Gure ya ci gaba da karatun buɗinsa, babu aibi. Idan ya ci, ya gode wa waɗanda suka share hanya. Idan ya faɗi, kada ya ce littafi ne, domin hannunsa ne ya ɗaga ɗan ya ajiye. In kuma ya gaji da waya, ya taka zuwa inuwar masu dara ya tsuguna a gefe, ya jira a gama zubi, sannan ya tambayi dattijon da ya fi kusa da shi: «Baba, me ya sa ka bar wancan rami?»